Kafaɗar da Ta Saba Gocewa da Tiyatar da Ake Yi Mata ta 'Yar Kafa



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, dattawan gari, iyayenmu mata, da 'yan'uwa 'yan asalin Masanawa waɗanda suka taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar wannan taro, muna yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro iyali lafiya.

Da aka nemi kwamitin lafiya ya zaɓi abin da zai yi magana a kai bana, da yawa sun zaci za mu koma kan zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini kamar yadda aka saba. Sai muka zaɓi kafaɗa. Dalilinmu kuwa wani yaronmu ne, wanda ba za mu ambaci sunansa ko gidansu ba, ko da yake wasu a cikinku za su gane shi.

Yana da shekara 19 ya faɗi a kan babur da damina, a hanyarsa ta komowa daga Kabo. Ya tokare ƙasa da hannun dama, kafaɗar ta goce. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ja, ta koma, aka shafa magani aka ɗaure. Bayan mako biyu ya ce ya warke, kowa ya yi hamdala. Wata huɗu bayan nan, yana ɗora buhun masara a kan amalanke, ta sake fita. Daga nan sai abin ya zama jiki: wajen huɗa, wajen ƙwallo, wajen sa riga, har ta kai yana barci ya juya sai ya farka da ihu. Duk lokacin da ta fita, a bugo wa yayansa waya a Kaduna, ya turo kuɗin ɗori. Da aka lissafa ranar da ya fara zama a gaban likitan ƙashi, ta fita sau 14 cikin shekara biyu da rabi. Saurayi majiyi ƙarfi, amma ya daina noma, ya daina ɗaukar kaya, a majalisa har an fara yi masa kallon malalaci.

Mu da muke zaune a birane, mu ake bugo wa irin wannan waya. Sau da yawa iyakar abin da muke yi shi ne mu ce Allah ya sawwaƙe, mu tura abin da ya samu. Muna ganin da yayan nan ya san abin da za mu faɗa yanzu, da tun a waya ta biyu ya ce a sako masa yaron a mota.

Bari mu fara da yadda aka gina kafaɗa, don wanda bai san ginin ba, ba zai gane gyaran ba. Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi: ramin yana da zurfi, kan ƙashin cinya ya nutse a ciki, shi ya sa ba ta gocewa sai a mummunan haɗari. Kafaɗa ba haka take ba. Kan ƙashin damtse mulmulalle ne, babba, wurin zamansa a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan fili ne marar zurfi, wanda bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Wannan rashin zurfi shi ya ba hannu damar zagayawa ta ko'ina, mu kai shi sama, mu kai shi gadon baya, mu yi jifa. Shi ne kuma ya sa a cikin manyan gaɓoɓin jiki babu wadda ta kai kafaɗa yawan gocewa.

To, me ke riƙe da ita? Ku dubi yarinyar da ta ɗauko tulu daga rijiya. Gindin tulu a mulmule yake, kanta kuma ba rami ba ne, amma tulun ya zauna daram saboda gammo. Haka Allah ya yi wa kafaɗa gammo nata: wani zobe na nama mai tauri, tsakanin guringuntsi da jijiya, wanda ya kewaye bakin wannan fili ya ƙara masa zurfi. A jikin gammon nan ne jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar suka kama, sa'an nan tsokoki huɗu suka lulluɓe su ta waje. A nan sai mun yi hattara da harshenmu, domin kalmar jijiya a Hausa ta ɗauki kaya da yawa. Akwai ta jini, akwai ta laka mai kai saƙon ji da motsi, akwai kuma wadda aikinta ɗaure ƙashi da ƙashi kamar igiya. Wannan ta ƙarshe muke nufi.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na gocewar kafaɗa ta gaba take fita. Tana faruwa ne idan hannu yana ɗage, an kuma murɗa shi baya da ƙarfi, irin tsayuwar mai shirin jifa, ko ɗan damben da ya ja hannu zai kai naushi, ko mai tsaron gida da ya miƙa hannu ya tare ƙwallo, ko wanda ya faɗo daga babur ko bishiya ya tokare. Lokacin da kan ƙashin ya yi tsalle ya fita, ba ya fita salin-alin. Yakan ɓamɓare gammon daga bakin ƙashi ta gaba, ya tafi da jijiyoyin da ke jikinsa. Wanda ya mayar da kafaɗa, mai ɗori ne ko likita, tulun kawai ya mayar. Gammon yana nan a yage, kuma sau da yawa ba ya komawa mazauninsa ya manne da kansa. Ciwo zai lafa, kumburi zai saɓe, amma ƙofar da aka ɓalle tana nan a buɗe.

Shekarun mutum suna da babban tasiri a nan. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa a cikin matasan da kafaɗarsu ta fara gocewa kafin su kai shekara 20, fiye da rabi takan sake fita, musamman masu wasanni da aikin ƙarfi. Wanda ya haura 40 kuwa ba ta cika maimaita masa ba. Nasa haɗarin daban ne: tsokokin nan huɗu ne sukan tsinke, a mayar da kafaɗa lafiya amma a wayi gari dattijo ba ya iya ɗaga hannu ya sa hula. Irin wannan ma ganin likita yake bukata, ba a ce masa sanyi ne ba.

Ciwon ba sabo ba ne, kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Likitan nan na Girka, Hifokiratis, wanda littattafan Larabci suke kira Abuƙiraɗ, ya yi bayaninsa fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Ya bayyana yadda ake sa diddige a hamata a ja hannu, dabarar da duk wanda ya taɓa zama a zauren mai ɗori ya san ta. Ga wanda tasa ta saba fita kuwa, maganinsa shi ne a ƙona hamata da jan ƙarfe don tabon ya tamke wurin. Wato dai lalas. Saboda haka kada wani ɗan boko a cikinmu ya yi wa kakanninsa dariya, Turawa ma ta nan suka biyo. Bambancin shi ne ba su tsaya a nan ba. A 1906 wani likita Bajamushe mai suna Perthes ya yi bayanin ɗinke abin da ya yage, sa'an nan a 1923 wani likitan tiyata na Landan, Blundell Bankart, ya nuna cewa ɓamɓarewar gammon nan ita ce tushen matsalar, ya kuma tsara yadda za a mayar da shi a ɗinke a jikin ƙashi. Har gobe da sunansa likitoci suke kiran raunin da kuma aikin.

Shekaru da dama ana yin aikin Bankart ne ta hanyar tsaga gaban kafaɗa, a raba tsoka ko a yanke ta, a isa ga gaɓar. Yana aiki, kuma har yanzu akwai inda shi ne ya fi dacewa. Ita kuwa dabarar leƙa cikin gaɓa ba tare da an buɗe ta ba, a Japan ta yi ƙarfi. Farfesa Kenji Takagi na Tokyo ya leƙa cikin gwiwar gawa da wani siririn madubi a 1918, almajirinsa Masaki Watanabe kuma ya ƙera na'urar da ta karɓu a ƙarshen shekarun 1950. Da gwiwa aka fara. Sai a shekarun 1980 aka soma gwada gyaran kafaɗa ta wannan hanya, kuma a gaskiya sakamakon farko bai kai na tsagawa kyau ba. A shekarun 1990, da aka samu 'yan ƙananan turaku masu zare da ake kafawa a cikin ƙashi, sai al'amarin ya sauya.

Turawa suna kiran wannan aiki tiyatar kafar makulli, saboda ƙanƙantar hudar. Mu a kwamiti mun fi son mu ce tiyatar leƙe. Ga yadda take. Ana yi wa majiyyaci allurar barci, sau da yawa a haɗa da wata a gefen wuya wadda ke kashe zafin hannun na sa'o'i da dama. Likita zai huda kafaɗa wuri biyu ko uku, kowace huda ba ta wuce faɗin farcen ɗan yatsa ba. Ta huda ɗaya, galibi ta baya, zai zura wani bututu mai kaurin milimita 4, wato bai kai fensir ba, mai fitila da kyamara. Ana tura ruwa mai tsabta a cikin gaɓar don ta buɗe, sai ga cikinta ya fito ƙato a fuskar talabijin. Ta sauran hudojin zai shigar da kayan aiki. Zai fara ɓanɓaro gammon daga inda ya je ya manne ba daidai ba, ya kankare bakin ƙashin har ya yi ɗanye ya tsattsafo da jini, domin nama ba ya kama busasshen ƙashi. Sai ya kafa turakun nan, yawanci uku ko fiye, kowane bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya ratsa zarensu ta cikin gammon da jijiyoyin, ya jawo su sama zuwa mazauninsu ya ƙulle. Aikin yakan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu, kuma mutum yakan koma gida ran nan ko washegari. Turakun ba a ciro su, a ciki suke zama.

Amfaninta a fili yake: ba a yanke tsoka ba, tabon kaɗan ne, zafin bayan aiki ya fi sauƙi, kuma likita yana ganin lungunan gaɓar da ko an tsaga ba lalle ne a gan su ba. Amma muna roƙonku ku riƙe abu guda, don a nan mutanenmu suke yaudarar kansu. Ƙanƙantar huda ba ta nufin ƙanƙantar aiki. Zaren nan riƙe gammon kawai yake yi kafin jiki ya manne shi, kuma jiki ba ya gaggawa don an yi aikin da kyamara. Hannu zai zauna a rataye a wuya mako huɗu zuwa shida. Daga nan a shiga hannun masu gashin ƙashi, su fara da motsa gaɓar a hankali, sa'an nan ƙarfafa tsoka, wata da watanni. Aiki mai nauyi, da dambe da kokawa da ƙwallo, sai bayan kamar wata shida, wani ma ya fi haka. Yaron da aka yi wa aiki a watan Mayu ba zai yi huɗar bana ba, kuma tilas iyayensa su san haka tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Idan da hali, a tsara aikin bayan an gama kaka, yadda watannin jinya za su faɗa a rani. Wannan ba a littafin likita yake ba, amma mun ga aiki mai kyau ya warware saboda uba ya ga ciyawa ta cinye gona, ya ga ɗansa zaune da 'yan tabo uku, ya ce ai wannan ba ciwo ba ne.

Ba kuma za mu ɓoye muku ba, ko an kiyaye komai, aikin ba ya ci a kan kowa. A cikin mutum 10, akan samu 1 ko 2 da kafaɗar ke sake fita bayan shekaru, kuma abin ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 20 da masu wasannin karo. Wani yakan rasa ɗan kaɗan daga iya murɗa hannu baya. Shigar ƙwayar cuta da taɓa jijiyar laka suna faruwa, amma ba kasafai ba.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damun mu, wato jinkiri. Duk fitar da kafaɗa ta yi, ƙashi biyu ne suke gugar juna. Bakin filin nan na gaba yana zaizayewa kamar bakin rijiyar da igiyar guga ta daɗe tana ci, shi kuma kan ƙashin damtse yana loɓawa ta baya inda ya daki bakin, raunin da likitocin hoto biyu na Amurka, Hill da Sachs, suka bayyana a 1940. Idan filin ya zaizaye, ɗinke gammo ba zai wadatar ba, domin wurin da za a aza shi ya ragu. A shekarar 2000 likitoci biyu, Burkhart na Amurka da De Beer na Afirka ta Kudu, sun bi diddigin mutum 194 da suka yi wa tiyatar leƙe. Waɗanda ƙashinsu bai ci sosai ba, kashi 4 cikin 100 ne kawai tasu ta sake fita. Waɗanda ƙashinsu ya zaizaye kuwa, kashi 67 cikin 100. Ku dubi wannan tazara. Ga irin waɗannan akwai wani aikin daban, wanda likitan Faransa Michel Latarjet ya fito da shi a 1954: a yanko wani ɗan ƙashi mai kama da bakin tsuntsu daga gaban allon kafaɗa, tare da jijiyar da ke jikinsa, a dasa shi a inda ya zaizaye a ɗaure da kusoshi. Aiki ne mai ƙarfi da inganci, amma ya fi girma, ya fi yawan haɗari, kuma mafi yawan likitoci tsagawa suke yi su yi shi.

Akwai kuma waɗanda ba tiyata ce farkon maganinsu ba. Wasu an haife su da sakakkun gaɓoɓi, kafaɗarsu tana zamewa gaba da baya ba tare da sun taɓa faɗuwa ba. Su gashi da motsa jiki ake fara yi musu na tsawon watanni. Mai farfaɗiya kuwa, girgizar ciwon ce take fizge kafaɗar, wani lokaci ma ta baya, inda ganinta ke da wuya. Idan ba a shawo kan farfaɗiyar da magani ba, duk ɗinkin da aka yi faɗuwa ɗaya za ta kece shi. A nan dole mu faɗi abin da ba a son ji: ƙwayar tiramol da wasu samarinmu ke haɗiya don su jure aikin ƙarfi tana jawo irin wannan girgiza, kuma likitoci sun sha ganin kafaɗar da ta goce ta wannan hanya. Wanda ya ɓoye wa likita wannan, kuɗin ɗan'uwansa ya ƙona.

Game da masu ɗori, ba mu zo nan don mu ci mutuncin kowa ba. Iyayenmu ne, sana'ar gado ce, kuma su ne a kusa lokacin da asibiti ya yi nisa. Abin da muke cewa shi ne hannu, komai gwanintarsa, ba ya ganin cikin gaɓa. Gocewar kafaɗa takan zo tare da karaya a wuyan ƙashin, musamman ga manya, kuma ja da ƙarfi a kan irin wannan yana iya raba ƙashin biyu ko ya lahanta jijiyar laka da ta jini da ke ratsa hamata. Wata kuma ba ta koma ba sam, an dai ɗaure an ce ta koma. Idan ta yi mako uku a waje, nama ya cike gurbin, mayar da ita sai da babbar tiyata. Shi ya sa muke roƙo, ko an riga an mayar a gida, a je babban asibitin Gwarzo ko wani wurin da ke da na'ura a ɗauki hoton ƙashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan kuma hannu ya yi sanyi, ko yatsu sun mutu, ko gefen damtse ba ya jin taɓi, wannan ba na jiran gobe ba ne.

Ta fuskar inda za a je, mu mutanen yammacin Kano ba mu da uzuri. Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala yana nan tun 1959, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na tarayya, tare da na Igbobi a Legas da na Inugu. Daga Nijar da Chadi ma ana zuwa, balle mu da titin Gwarzo ya miƙe da mu har cikin birni. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga Jami'ar Bayero tana yaye masu gashin ƙashi. Mun san a cikinmu akwai masu halin da da sun ji kalmar kyamara sai tunaninsu ya tafi Masar ko Indiya. Kowa da aljihunsa, amma a tuna cewa aikin sa'a biyu ne, jinyar wata shida ce, kuma a gida za a yi ta. Likitan da ke bayan teku ba zai duba hannun a mako na shida ba.

Kuɗi kam akwai su, ba za mu ce babu ba. Turakun nan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan tiyata suka ƙara tsada. Akwai kuɗin hoton MRI da ke nuna gammo da jijiyoyi, wani lokaci da na CT da ke auna yawan ƙashin da ya ci, ga kuɗin zirga-zirgar gashi. Ma'aikatan da ke cikin inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha su tambaya tun da wuri abin da ta ɗauka da abin da ba ta ɗauka ba. Wanda zai raka yaro wurin likita kuma kada ya yi zaman kurma. Ya tambaya: ƙashin ya zaizaye, kuma da me aka auna? Wane aiki ya dace da shi, na leƙe ko na tsagawa, kuma don me? Likitan ya saba yin irinsa? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da turaku da gashi? Yaushe zai koma gona? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya ce leƙe ne maganin kowace kafaɗa tun bai ga hoto ba, a nemi ra'ayin wani.

Shi yaron namu, da aka ɗauki hotunan, sai aka tarar bakin ƙashin ya ci fiye da yadda ɗinki zai riƙe. Tiyatar leƙen da wataƙila da ta ishe shi bayan fita ta biyu ta riga ta wuce shi, sai dashen ƙashi aka yi masa, da tsaga mai tsawon yatsa da kusoshi biyu. Yayansa da wasu mutum uku da ke zaune a wannan zaure suka haɗa kuɗin. Ya yi wata biyu a gidan ɗan'uwa a Kano saboda gashi, ya ƙarasa sauran yana zuwa daga gida duk mako. Damina ɗaya ta wuce shi, ta bana kuwa da shi aka yi huɗa, kuma zuwa yau kafaɗar ba ta sake fita ba. Ƙwallo dai likita ya ce ya koma baya ya bar tsaron gida.

Kwamitin lafiya zai zauna a ƙofar zaure bayan an tashi. Duk wanda ya san wani yaro a gidansu ko a unguwarsu da kafaɗarsa ta fita fiye da sau ɗaya, ya tsaya ya ba mu suna, mu kuma za mu shirya ranar da za a kai su a duba su tare kafin a shiga aikin rani.